Likita Ya Ce A Tafi Daji: Mene Ne Ainihin Abin da Ke Warkarwa?

A shekarar 1901 wani asibitin masu taɓin hankali da ke tsibirin Ward a birnin New York ya cika ya batse, ga tarin fuka yana bin majinyata ɗaya bayan ɗaya. Da aka rasa ɗakin da za a keɓe masu tarin, sai aka kafa musu tantuna a filin harabar. Gudun yaɗuwar cuta ne ya kawo wannan shawara, ba wanda ya yi ta da nufin taɓa ciwon da ke kawunansu. Amma da aka kwana biyu likitoci suka lura mutanen tanti sun fara cin abinci, jikinsu ya murmure, wasu da suka daɗe ba sa kula kowa sun soma hira. Shekara biyar bayan haka girgizar ƙasar 1906 ta rushe gine-ginen asibitin Agnews a Kalifoniya, aka zaunar da waɗanda suka tsira a tantuna, nan ma aka ba da labari makamancin wannan.

Masu yabon jinyar ƙwaƙwalwa a waje, wato a fili ko daji maimakon cikin ɗaki, suna son fara tarihinsu daga waɗannan tantuna. Ni abin da ya ja hankalina shi ne, tambayar da har yau ake kai ruwa rana a kanta tana nan tun a wancan fili. Iska da hasken rana ne suka yi aikin, ko kuɓuta daga ɗaki mai cunkoso da wari? Ko kuwa don mutanen tanti 'yan kaɗan ne, ma'aikata suka san kowa da sunansa? Duk wanda ya ce daji magani ne, sai ya fara faɗin wanne daga cikin waɗannan yake nufi.

Abubuwa da dama ake zubawa a kwando ɗaya a yi musu suna ɗaya. Akwai mai ba da shawara da ke fita da majinyacinsa su zaga lambu suna tafe suna magana maimakon zama a ofis. Akwai aikin lambu ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Akwai likitocin tsibiran Shetland a Sikotlan, waɗanda tun 2018 aka ba su damar rubuta wa majinyaci ya fita ya saurari tsuntsaye ko ya bi bakin teku, a matsayin ƙari kan magani. Sannan akwai abin da zan kira jinyar kasada: hawan dutse da igiya, tuƙa kwale-kwale, kwana a zango, duk a ƙarƙashin kulawar ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa wanda ya tsara aikin don wata matsala takamaimai. A can ƙarshe kuma akwai sansanonin daji na Amurka, inda matashi ke yin wata biyu ko uku bai ga gida ba. Tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe ta kai tazarar da ke tsakanin shan maganin ciwon kai da fiɗa.

Jinyar kasada ba daga asibiti ta fito ba, daga makaranta ta fito. Kurt Hahn, malami Bajamushe, ya bar ƙasarsa a 1933 bayan an tsare shi saboda adawa da Hitila, ya kafa makarantar Gordonstoun a Sikotlan a 1934. A 1941, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, shi da Lawrence Holt, mai kamfanin jiragen ruwa, suka buɗe makarantar horar da matasa mai suna Outward Bound a Aberdyfi da ke Weles. Abin da ya dami Holt shi ne, in aka nutsar da jirgi, samarin matuƙa masu jini a jika sun fi mutuwa a cikin kwale-kwalen ceto fiye da dattawan da ƙarfinsu ya ja baya. Ya fahimci cewa dattawan sun sha wuya sun ga ƙarshenta, sun san ana shiga ana fita, samarin kuwa da zarar abu ya yi tsanani sai su saki. To sai a ba saurayi wahalar da aka auna, ya ci ƙarfinta, ya san abin da ke jikinsa kafin ranar ta gaske. Tsarin ya ƙetara zuwa Amurka, aka buɗe makarantarsa a Kolorado a 1962, kuma daga shekarun 1970 masu jinya suka fara aron dabarun.

Yadda abin yake aiki ya fi fitowa idan aka matso kusa. A ce yarinya ce 'yar shekara 16, fargaba ta hana ta zuwa makaranta wata huɗu. Yau tana gindin wani dutse mai tsayin mita 12, an ɗaura mata ɗamarar hawa a ƙugu. Igiya ta tashi daga jikinta, ta ratsa ƙarfen da aka kafe a sama, ta sauko hannun wata sa'arta da jiya ma ba su san juna ba, a bayanta kuma ma'aikaci na riƙe da wutsiyar igiyar. Ta hau mita huɗu sai ƙafa ta kama rawa, tafin hannu ya jiƙe, zuciya na dukan uku-uku. Abin da take ji ke nan a ƙofar aji, ba ragi ba ƙari. Bambancin kawai, a ofis labarin abin take bayarwa bayan ya wuce, yau kuwa mai jinyar na tsaye a ƙasa abin na faruwa a gaban idonta.

"Kina so a sauke ki, ko za ki ɗan tsaya a nan ki yi numfashi?"

"Bari in tsaya, Malama."

Ta manna goshi da dutsen, minti ɗaya ya wuce, rawar ƙafar ta lafa. Ta ƙara taku biyu, ta ce a sauke ta. Ba ta kai sama ba, ba kuma wanda ya ce sai ta kai. Da yamma, an zauna ana dafa abin da za a ci, mai jinyar ta tambaye ta me ta gaya wa kanta lokacin da ta manna goshi, kuma ina ne a makaranta za ta iya tsayawa minti ɗaya irin wannan kafin ta juya. Wannan tambayar ita ce jinyar. In aka cire ta, abin da ya saura yawon buɗe ido ne mai daɗi.

Haɗarin da yarinyar ta ji ya ninka haɗarin da ke wurin nesa ba kusa ba, domin ƙarfen da ke riƙe da igiyar an ƙera shi ya ɗauki nauyin da ya kai tan 2. A kan wannan giɓi tsakanin tsoro da ainihin haɗari aka gina sana'ar gaba ɗaya. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa fargaba na raguwa idan mutum ya tunkari abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, ya zauna cikin tsoron har jiki ya gane ba mutuwa ba ce. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Stanford, ya bayyana a 1977 cewa abin da ya fi gina yardar mutum da iyawarsa shi ne ya yi abu da hannunsa ya ga ya yiwu, lallashi da baki kuwa yana can baya. Ka gaya wa mai ciwon damuwa sau ɗari cewa yana da amfani, zai gyaɗa kai don ka ƙyale shi. Ka bar shi ya riƙe igiyar da ran wani ke rataye a kanta, sai ya rasa yadda zai musa.

Akwai wasu fa'idoji ƙanana da ba a cika ambatonsu ba. Matasa da yawa, musamman maza, ba sa iya buɗe ciki in an zaunar da su ido cikin ido da babba a ɗaki rufe, amma in ana tafe kafaɗa da kafaɗa sai magana ta zubo ba a nema ba. Daji kuma ba ya wa'azi. Yaron da ya ƙi ɗaure tantinsa da kyau, ruwan dare zai jiƙa shi, kuma ba malamin da zai ɗora wa laifi ko uban da zai yi wa tsawa. Ga yaron da ya saba ganin kowace doka a matsayin zaluncin manya, wannan sabon darasi ne.

Wannan ɓangaren kasada ke nan. Shi kuma waje kansa, itatuwa da ruwa da sararin sama, me bincike ya nuna? Aikin da kowa ke ambato shi ne na Roger Ulrich a 1984. Ya bi takardun majinyata 46 da aka yi wa fiɗar cire jakar matsarmama a wani asibiti a Fensilbeniya. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon itatuwa, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun yi kwana 7.96 a matsakaici bayan fiɗa, na bango 8.70, kuma na farko sun fi ƙarancin neman maganin kashe zafi mai ƙarfi. Rachel da Stephen Kaplan na jami'ar Mishigan sun kawo bayani mai ma'ana: hankalin da muke tilasta wa ya tsaya kan aiki, kan titi, kan allon waya, gajiya yake yi kamar kowace gaɓa, abubuwa irin su motsin ganye da gudun ruwa kuwa suna riƙe hankali a tausashe, su bar shi ya huta. A 2015 masu bincike a Stanford suka raba mutum 38 gida biyu, wasu suka yi tafiyar minti 90 a fili mai ciyawa da itatuwa, wasu a gefen babban titi mai motoci. Na farko sun dawo da raguwar saƙe-saƙen nan da zuciya ke yi tana tauna abu ɗaya mai ɗaci, hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna lafawar sashen da ke da alaƙa da hakan. A 2019 wani nazari kan mutum kusan 20,000 a Ingila ya gano cewa waɗanda ke yin aƙalla minti 120 a mako a irin waɗannan wurare sun fi cewa suna jin lafiya da natsuwa, ko a zama ɗaya suka yi, ko a rarrabe. Japan kuwa tun 1982 hukumar gandun dajinta ta ƙirƙiro sunan shinrin-yoku, wato wankan daji, ta mayar da shi harkar lafiyar al'umma.

Wani ɗan ƙaramin gwaji ya fi burge ni, don ya kama abu ɗaya da za a iya aunawa. A 2013 Kenneth Wright na jami'ar Kolorado ya kai mutum 8 zango na mako guda, ba fitilar lantarki ba waya. Da suka dawo, agogon jikinsu ya matso gaba da kimanin awa 2, sinadarin barci na fara fita kusa da faɗuwar rana. Duk wanda ya zauna da mai ciwon damuwa ya san yadda rikicewar barci ke rura ciwon. Mai yiwuwa wani kaso na abin da ake jingina wa sirrin daji, hasken safiya ne kawai da barci a kan lokaci. A ƙara da motsa jiki, wanda wani babban nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2024, bisa gwaje-gwaje 218, ya nuna yana rage ciwon damuwa ko a ina aka yi shi.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Nazarin Ingila ya nuna abubuwa biyu na tafiya tare, bai nuna wanne ya haifi wanne ba; wanda ciwon damuwa ya kwantar ba ya iya fita ƙofar gida, don haka ba mamaki masu fita su zama masu lafiya. Mutum 38 da mutum 8 kuma ba taro ba ne. Game da jinyar kasada kanta, Daniel Bowen da James Neill na Ostireliya sun tattara nazarce-nazarce 197 a 2013, suka sami tasiri matsakaici, wanda ba abin rainawa ba ne. Sai dai akasarin ayyukan sun auna mutum kafin tafiya da bayanta ne kawai, ba tare da wani rukuni da aka ware ta hanyar ƙuri'a don kwatantawa ba. Iyaye kan kai yaro ne lokacin da abu ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sauƙi ake samu sau da yawa ko ba a yi komai ba. Ba a kuma iya ɓoye wa mutum cewa yana daji, kamar yadda ake ɓoye masa ko ƙwayar da ya haɗiya ta gaske ce. Wani kaso na binciken sansanonin Amurka ma masu alaƙa da sana'ar ne suka yi shi. A ganina hujjar ta isa a ce hanyar na taimaka wa wasu mutane, ba ta isa a ce ta fi jinyar da ake yi a ɗaki ba, balle a ce a ajiye magani a kama sandar tafiya.

Mafi munin shafin wannan tarihi a Amurka aka rubuta shi. Daga shekarun 1980 kamfanoni masu zaman kansu suka buɗe sansanoni a hamadar Yuta da wasu jihohi, suna tallata wa iyayen da suka rasa yadda za su yi cewa daji zai gyara musu kangararren ɗa. Suka ɗauki tunanin Hahn suka juya shi: wahalar da ya so saurayi ya zaɓa ya ci ƙarfinta, su suka mayar da ita bulala. Yara da yawa ba a shawarce su ba. Ƙarti biyu da iyaye suka biya ne ke tashin yaro daga barci da tsakar dare su sa shi a mota, gari na wayewa yana wata jiha. A 1994 wani yaro ɗan shekara 16 ya mutu a wani sansani a Yuta bayan gyambon cikinsa ya huje. Ya yi kwanaki yana kukan ciwo, ya zube da kimanin kilo 10 cikin mako uku, ma'aikata na cewa ƙarya yake yi don ya guje wa tafiya. A watan Oktoban 2007 ofishin binciken ƙwaƙwaf na majalisar dokokin Amurka ya gabatar da rahoton cewa ya tarar da dubban zarge-zargen cin zarafi a cibiyoyin gyaran matasa tun daga 1990. Ya bi diddigin mutuwar matasa 10, ya tarar da abubuwa iri ɗaya na maimaituwa: ma'aikata marasa horo, ƙarancin abinci, da ɗaukar ciwo na gaske a matsayin wayo. Tsugune ba ta ƙare ba, domin a Fabrairun 2024 yaro ɗan shekara 12 ya mutu a wani sansani a Karolina ta Arewa bai cika kwana ɗaya da zuwa ba, jihar ta ƙwace lasisin wurin.

Masu kare sana'ar na cewa waɗannan ɓata-gari ne, kuma tun 1996 wasu sansanonin suka haɗa kai suka gindaya wa kansu ƙa'idoji. Gaskiya ne an samu gyara, akwai kuma waɗanda suka fito daga irin waɗannan wurare suna cewa nan ne aka ceci rayuwarsu. Amma ban yarda matsalar ta tsaya kan mugun ma'aikaci ba. A koma ga yarinyar nan da ke manne da dutse. Abin da ya mayar da tsoronta magani shi ne an tambaye ta, kuma da ta ce a sauke ta an sauke ta. Masu Project Adventure, shirin koyarwa ta hanyar kasada da aka kafa a Masachuset a 1971, sun mayar da wannan ƙa'ida: mai hawa ne ke zaɓar iyakar kasadarsa. A cire zaɓin, dutsen na nan, igiyar na nan, iskar ma na nan, amma darasin da jikinta zai koya ya juye: in na ce na gaji ba mai ji na. Ga wanda aka taɓa zalunta, kuma da yawan waɗannan yara haka suke, wannan fama tsohon miki ne. Nisan da ake yabo don ya raba yaro da waya da miyagun abokai, shi ne kuma ya raba shi da likita da duk wanda zai kai wa ƙara.

Nowe ta bi wata hanya. A asibitin gwamnati na Sørlandet da ke Kristiansand an gwada jinyar waje ga matasa 'yan shekara 16 zuwa 18 a cikin tsarin lafiya na ƙasa. Matashi da kansa yake amincewa ya shiga, ma'aikatan asibitin ne ke fita da su, yawancin fitar ta yini ce a koma gida, sai 'yan kwanaki a zango. Ba ta da armashin labarin yaron da ya ɓace wata uku ya dawo sabon mutum, amma ta kauce wa wata matsala da ke cin tuwo a ƙwaryar dogon sansani, wato dawowa.

Domin yaron da ya koyi haƙuri a tsakanin mutum takwas, ba waya, ba mai sayar masa da ƙwaya, yana barci da faɗuwar rana, ranar da ya dawo gida zai tarar da komai yadda ya bar shi: iyayen da ba sa ga maciji da juna, abokan nan, ɗakin nan. Abin da aka koya a kan dutse ba ya bin mutum gida da kansa, sai an ɗauko shi da gangan, an sa iyali cikin jinyar, an ci gaba da ganin ƙwararre bayan an kwance tanti. A Amurka yara da dama daga sansani ake wucewa da su wata makarantar kwana ta jinya, abin da ke ƙara rikita lissafin wane ne ya yi aikin. Ga kuɗi: ɗaruruwan daloli a kowace rana, har jimilla ta kai dubun-dubatai, wanda ke nufin 'ya'yan masu hali ne yawanci a ciki.

Akwai kuma waɗanda wannan hanya ba tasu ba ce, aƙalla a lokacin da ciwo ke kan ganiyarsa: mai jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, mai yunƙurin halaka kansa, wadda ƙin cin abinci ya raunana zuciyarta, mai janyewa daga barasa ko ƙwaya wanda jijjiga ka iya kama shi. Wasu magungunan ƙwaƙwalwa ma na rage wa jiki juriyar zafi, don haka doguwar tafiya a rana haɗari ce gare su. Ba kowa ne kuma daji ke kwantar wa hankali ba. Wanda ya tsere wa yaƙi ta cikin daji, ko wadda aka taɓa tare wa hanya a wurin da ba kowa, duhun itatuwa ba hutu yake kawo musu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas, kimanin miliyan 970, na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, mafi yawansu kuma ba sa samun kulawa. Idan aka dubi wannan adadi, sansanin wata uku ba zai taɓa zama amsa ba. Ɓangaren da zai iya isa ga jama'a shi ne mai arha, mara kwarjini: rukunin tafiya da ke haɗuwa duk mako, lambun asibiti, mai jinyar da ya yarda ya fita daga ofis. Ingila ta ware fam miliyan 5.77 a 2020 don gwada haɗa majinyata da irin waɗannan ayyuka a yankuna 7, a Kanada kuma tun 2022 wasu likitoci na iya ba majinyaci takardar shiga gandayen ƙasa kyauta. Takardar dai ba ta da amfani ga wanda ba shi da abin hawa, ko wanda unguwarsa ba itace ko ɗaya, shi ya sa batun ya fi ƙarfin likita shi kaɗai, ya shafi masu tsara birane.

Su kuwa sansanonin Amurka, bayan shekaru ana matsa lamba, ciki har da ta shahararriyar Ba'amurkiya Paris Hilton wadda ta fito ta ba da labarin abin da ta ce an yi mata a cibiyoyin gyaran matasa, shugaban ƙasar na lokacin Joe Biden ya sa hannu kan wata dokar tarayya a Disamban 2024. Dokar ba ta hana ɗauko yaro daga gadonsa da tsakar dare ba. Abin da ta umarta shi ne a gudanar da bincike kan yadda cibiyoyin ke aiki, a riƙa kawo rahoto.